Muhawara a kan LSD da abin da ake sayarwa da sunanta: aikinta a jiki, haɗarinta da hukuncinta

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum. Ina neman izinin shugabannin wannan zaure na iyaye da malaman makarantun Jos in kawo wata tambaya da ta fi ƙarfina. Ɗalibaina na ajin ƙarshe sun dame ni da tambaya a kan wani abu da suke gani a TikTok da YouTube wai shi LSD, wata 'yar takarda mai zane-zane wadda ba ta kai farcen yatsa girma ba, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne suna cewa an gaya musu ba ta kama mutum, ba ta kisa, har ma likitocin Turai sun fara ba marasa lafiya ita. Ina roƙon masu ilimin abin a cikinmu su bayyana mana yadda take aiki a jiki, da irin ɓarnar da take yi, da kuma matsayinta a dokar ƙasar nan.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Sabi'u. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, saboda haka zan ɗauki ɓangaren abin da take yi a jiki, in bar wa likitoci da lauyoyi nasu. LSD ba ganye ba ce, ba kuma saiwa ba ce, a ɗakin gwaji ake haɗa ta. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Albert Hofmann ne ya fara haɗa ta a 1938 a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel, lokacin da yake binciken wata funfuna da ke kama wani hatsi ɗan'uwan alkama. Daga wannan funfunar aka samo agometirin, allurar da ungozomominmu suka sani sarai, wadda ake yi wa mai jego idan jini ya ƙi tsayawa. Hofmann bai san abin da ya haɗa yana taɓa hankali ba sai a watan Afrilun 1943, kuma a wannan watan ya sha maikirogiram 250 yana zaton ɗan kaɗan ne, ya yi awanni yana ganin ɗaki na juyawa, fuskokin mutane suna rikiɗewa, har ya tabbata a ransa mutuwa zai yi. Don a gane ƙanƙantar wannan awo, ƙwayar farasitamol guda ɗaya maikirogiram 500,000 ce. Wannan ƙarfin ne ya sa ake iya ɗiga ta a kan takarda ta bushe ba a ga komai ba.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da Allah ya halitta mai suna sirotonin, wanda ƙwayoyin jijiya suke aika wa juna saƙo da shi, kuma yana da mazaunai iri-iri da yake sauka a kansu. LSD ta yi kama da shi a ƙira, sai ta je ta hau ɗaya daga cikin mazaunan, wanda masana suke kira 5-HT2A, kuma ya fi yawa a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani da tunani da sanin kai. An tabbatar da hakan a binciken da aka yi a birnin Zurich, inda aka fara ba mutane wani magani mai suna ketanserin da ke toshe wannan mazauni, sai aka ga LSD ta kusan daina yi musu komai. Masana da yawa suna ganin cewa a can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke aiki kamar mai tsaron zaure, yana tace abin da ido da kunne da fata suka kawo, ya shigar da mai amfani ya tsayar da sauran; LSD takan sa mai tsaron ya saki ƙofa, komai ya kutso a lokaci guda. Shi ya sa launuka suke ƙara haske, bango yake kamar yana numfashi, lokaci yake miƙewa, wani ma ya rasa gane iyakar jikinsa. Mayen yakan ɗauki awa 8 zuwa 12, kuma binciken da aka wallafa a Amurka a 2017 ya nuna dalili: idan ta shiga mazaunin, wani ɓangarensa yakan rufo a kanta, ta daɗe ba ta fita ba. Duk wanda ya sha ta, ko ya firgita ko ya yi nadama, ba shi da hanyar tsayar da ita da kansa.

Baba Audu: Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ni a ganina wannan bayani talla ne ba da gangan ba. Na yi shekaru ina cikin masu tsaron unguwa a Nasarawa Gwom, kuma abin da ke cin yaranmu kowa ya san shi: wiwi, tiramol, kodin, sholisho, roci. Ban taɓa kama yaro da takarda ba. Idan muka zauna muna bayyana launuka da bangon da ke numfashi, yaron da bai taɓa jin sunanta ba gobe zai tafi nema. Ku bar abin da ke barci ya yi barcinsa.

Dakta Nuhu: Baba, ranku ya daɗe, a kan yawan masu sha kuna da gaskiya, kuma alƙaluma suna bayanku. Binciken ƙasa da aka yi a 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda. Masu wiwi miliyan 10.6 ne, masu tiramol da danginta miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4, amma masu shan abubuwan da ke sa gane-gane irin LSD kimanin 27,000 ne kacal. Inda na saba muku shi ne cewa abin yana barci. Malam Sabi'u ya ce ɗalibansa ne suka kawo masa maganar, wato sun riga sun ji ta, kuma sun ji ta ne daga bakin masu yaba ta. Abu ne da ake iya sakawa a cikin ambulan ko tsakanin shafukan littafi, ba wari, ba nauyi, kuma yaranmu da yawa suna karatu ko aiki a Abuja da Legas suna dawowa hutu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda masu yabon ba sa faɗa. Takardar da aka ce LSD ce ba lallai LSD ce a kanta ba. Tun wajen 2010 aka fara sayar da wasu sinadarai da ake kira NBOMe, mafi shahararsu 25I-NBOMe, a kan irin wannan takarda da irin wannan zane. Wani mai bincike mai suna Ralf Heim ne ya haɗa 25I-NBOMe a wata jami'a a Berlin a 2003, daga baya masu bincike a jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aiki da ita don nazarin mazaunin nan da Hajiya ta ambata. Ba a taɓa yin ta don mutum ya sha ba. Masu safara suka ɗauke ta saboda ta fi LSD arha da sauƙin samu, kuma a lokacin babu dokar da ta ambaci sunanta. Tana hawa mazauni ɗaya da LSD, amma da tsanani, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai sa maye da abin da zai kashe ƙanƙanuwa ce ƙwarai, alhali mai ɗiga ta a takarda ba ya da ma'aunin da zai daidaita ta, sai wani gefen takardar ya fi wani ƙarfi. Abin da aka gani a asibitoci shi ne bugun zuciya mai tsananin sauri, hawan jini, zafin jiki da ya wuce na zazzaɓi, jijjiga irin ta farfaɗiya, da fizge-fizgen da mutum huɗu ba sa iya riƙe mutum ɗaya. Zafin da fizge-fizgen sukan sa naman jiki ya fara narkewa ya shiga jini, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya. Hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka ta ce tsakanin Maris 2012 da Agusta 2013 mutum 19 aƙalla, masu shekara 15 zuwa 29, sun mutu sanadiyyar waɗannan sinadarai, kuma a watan Nuwamban 2013 ta haramta uku daga cikinsu. Ido ba ya bambance takardun biyu. Ana cewa NBOMe tana da ɗaci tana kuma sa harshe ya mutu, LSD kuwa kusan ba ta da ɗanɗano, amma wanda ya ji ɗacin ai ya riga ya sa ta a baki.

Maman Ummi: Likita, don Allah a gafarce ni, ni ban yi zurfi a boko ba. Wannan abin da kuke faɗa ba shi ne irin na zaƙami ba? A ƙauyenmu an sha ganin yaro ya sha zaƙami a wurin biki ya tuɓe kaya yana magana da mutanen da babu su.

Hajiya Rabi: Maman Ummi, tambayarki tana da kyau, kuma a ido sun yi kama, amma a jiki hanyarsu daban. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, yana ɗauke da atirofin da sikofolamin, waɗanda suke toshe wani sinadari daban mai suna asetilkolin. Mai zaƙami bakinsa yakan bushe, fatarsa ta yi zafi ba gumi, fitsari ya ƙi fita, ya rikice gaba ɗaya, ya ɗauki abin da yake gani a matsayin gaskiya, in ya farfaɗo kuma ba ya tuna yawancin abin da ya yi. Mai LSD sau da yawa ya san cewa abin da ya sha ne ke sa shi gane-gane, kuma yakan tuna komai, wanda hakan ma wata azaba ce ga wanda ya firgita. Amfanin sanin bambancin yana wurin likita, domin yadda ake kula da su ba ɗaya ba ne. Zaƙami yana kisa, kuma a wurinmu ya fi takarda kusa da hannun yaro.

Auwal: Ina gaida iyayena da ke zauren. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, kuma ina so in faɗi abin da matasa za su faɗa in an ba su dama, domin in ba a amsa shi a nan ba za su nemi amsa a wani wuri. Na karanta cewa LSD ta gaskiya ba ta sa jaraba kamar tiramol, cewa da wuya a samu wanda ita kanta ta kashe, kuma ƙasar Ostiraliya ta halatta wa likitoci su riƙa ba da irin waɗannan magunguna. Idan haka ne, ashe matsalar jabu ce kawai, ba ita kanta LSD ba. In kuma ƙarya ne, ina roƙon Likita ya nuna mini inda ƙaryar take.

Dakta Nuhu: Auwal, ƙanena, ba zan ce maka ƙarya ka karanta ba, domin in na ce haka za ka je ka duba ka ga akasi, daga nan ka daina yarda da ni a kan komai. Gaskiya ne LSD ba ta sa ciwon jiki da rawar ɗari da gudawa in an daina, irin abin da mai tiramol yake sha. Jiki yakan saba da ita nan da nan, ta yadda in an maimaita washegari ba ta yin tasiri sosai sai bayan kwanaki. Gaskiya ne kuma mutuwa daga gubarta kai tsaye abu ne mai wuyar samu. Amma mu a asibiti ba gubar kaɗai muke ƙirgawa ba. Mutumin da ya yi awa goma bai san nisa ba, bai san tsawo ba, yana jin ana bin sa za a kashe shi, zai iya faɗa wa titi, ko ya diro daga bene, ko ya yi faɗa da masu tsaro da dare. Ka dubi garinmu da duwatsunsa da tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa inda matasa suke zuwa shaƙatawa, ka gaya mini ko wurin da za a rasa hankali na wuni guda ne.

Na biyu shi ne taɓin hankali. Akwai mutanen da suka gaji saurin kamuwa da ciwon hauka ko ciwon da ke sa mutum ya yi ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, kuma shekarun da ciwon ya fi bayyana su ne daidai shekarunka. A irin waɗannan, sha ɗaya yana iya tayar da ciwon ya daɗe bayan maganin ya bar jiki. A gidajenmu kuwa ba a faɗin tarihin irin wannan ciwo, ana cewa kawu wane iska ce ta taɓa shi, don haka yaro ba zai san yana cikin waɗanda abin zai fi cutarwa ba. Akwai kuma wata larura da wasu ke samu, su yi watanni ko shekaru suna ganin ɗige-ɗige da inuwar abu tana bin sa a baya, kuma har yau babu tabbataccen maganinta. Na uku, wanda ya fi damuna a ƙasarmu, shi ne haɗe-haɗe. Tiramol da kanta tana jawo jijjiga, tana kuma ƙara sirotonin a ƙwaƙwalwa. In aka haɗa ta da abin da ke hawa mazaunin sirotonin, haɗarin jijjiga da zafin jiki ya ƙaru. Haka mai shan litiyom don ciwon hankali, an sha samun jijjiga mai tsanani idan ya haɗa da LSD.

Batun Ostiraliya kuma, abin da aka yi daga 1 ga Yulin 2023 shi ne an ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa da aka tantance izinin ba da silosaibin, wani sinadari mai sa gane-gane irin LSD, ga masu ciwon damuwar da ta ƙi jin magani, da MDMA, wata ƙwaya mai juya hankali, ga masu firgicin da ke biyo bayan bala'i. LSD ba ta ciki. A Amurka ana gwajin LSD a kan ciwon fargaba, har hukumar magungunansu ta ba gwajin matsayin gaggawa a Maris 2024, amma ita wannan hukumar ce ta ƙi amincewa da MDMA a watan Agustan shekarar saboda ba ta gamsu da hujjojin ba. A duk gwaje-gwajen nan ana auna maganin daidai, an san tsarkinsa, ana cire duk wanda yake da tarihin hauka a kansa ko a danginsa na kusa, ana duba zuciyarsa, kuma ma'aikata suna zaune tare da shi har ya dawo hayyacinsa. Ina fatan binciken ya yi nasara, domin ina da marasa lafiyar da magungunanmu na yanzu ba su ishe su ba. Sai dai cewarka matsalar jabu ce kawai ba ta taimaki wanda ke tsaye riƙe da takarda ba, tunda babu wanda ke sayar masa da ita da shaidar gwaji, kuma gwajin fitsarin da aka saba yi a asibitocinmu ba ya nuna LSD ko NBOMe.

Barista Istifanus: Ina gaishe ku duka. Bari in shigo da ɓangaren doka, domin a nan babu ruɗani ko kaɗan. A matakin duniya, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 da aka ƙulla a Viyana ta sa LSD a jadawali na farko, wato mafi tsanani, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. A watan Maris na 2015 aka ƙara 25I, 25B da 25C-NBOMe a wannan jadawali. A gida kuma, dokar da ta kafa hukumar NDLEA, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 48 ta 1989, ta ambaci LSD da sunanta tare da hodar ibilis da tabar heroyin. Sashe na 11 ya ce wanda ya shigo da ita, ko ya haɗa ta, ko ya yi safararta, ko ya saya ko ya sayar, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Wanda aka same shi da ita da saninsa, hukuncinsa bai gaza shekara 15 ba, bai wuce 25 ba, kuma sashe na 19 ya maimaita hakan. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Ina so Auwal ya lura da cewa dokar ba ta yi maganar nauyi ba. Takardar da ba ta kai farce ba ta isa a gurfanar da mutum, kuma wanda ya yi odar ta ta intanet aka aiko masa daga waje, a idon doka shigo da ita ya yi.

Malam Sabi'u: Barista, ita NBOMe da ba a haɗa ta ba sai 2003, ta yaya dokar 1989 za ta kama mai ita? Yaro mai wayo zai kawo mini wannan tambayar.

Barista Istifanus: Malam, bayan sunayen nan uku dokar ta ƙara da cewa ko duk wata ƙwaya mai kama da su, kuma kotunanmu sun daɗe suna hukunta masu wiwi a ƙarƙashin wannan jimla duk da ba a ambaci wiwi a wurin ba. Abin da aka haɗa don ya yi aikin LSD, ake sayar da shi da sunan LSD, kuma yake cikin jadawalin yarjejeniyar da muka sa wa hannu, lauyan da zai ce ba ya kama da ita yana da babban aiki a gabansa. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Ingila ta sa NBOMe a rukuni mafi tsanani a 2014, sannan a 2016 ta yi dokar da ta haramta sayar da duk abin da ke juya hankali in ba a keɓe shi ba, saboda ta gaji da bin masu sauya ƙirar sinadari ɗaya bayan ɗaya. Mu raunin namu yana wurin hujja: dole mai gabatar da ƙara ya kawo sakamakon ɗakin gwaji da ya nuna abin da ke kan takardar, wanda ke buƙatar na'urori masu tsada da ƙwararru. A aikace kuma alƙalai sukan yanke ƙasa da abin da aka rubuta, musamman ga wanda ya amsa laifinsa, amma ba zan shawarci kowa ya dogara da sassaucin alƙali ba.

Malam Tukur: Allah ya saka wa masana da alheri. Ta fuskar shari'a, hadisin da Muslim ya ruwaito cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk mai sa maye haramun ne, ya wadatar. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi wa abin filla-filla tun da daɗewa. Imam Ƙarafi ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai gusar da hankali tare da nishaɗi kamar giya, da mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantar da mutum ya ɗauke masa ji da gani. Sun yi saɓani a kan wanda ake yi wa haddi da wanda ake yi wa ladabtarwa, amma ba su halatta wa kowa ya gusar da hankalinsa don wasa ba, kamar yadda ba su hana likita ya sumar da mutum don tiyata ba. Abin da nake so in ja hankalin iyaye a kai shi ne, yaron da ya shigo gida yana gane-gane, jikinsa da zafi, yana fizge-fizge, kada a ce aljanu ne a zaunar da shi ana karatu har gari ya waye. A kai shi asibiti, a yi masa addu'a a hanya.

Dakta Nuhu: Allah ya gafarta Malam, wannan magana daga bakinku ta fi tawa nauyi. Barista, ina da ƙorafi a kan dokar da ka karanto, ba don ina tausayin dillali ba. Shekara 15 ga mai riƙe da takarda ɗaya tana sa abokan yaro su ji tsoron kawo shi. Sai su kulle shi a ɗaki, su ɗura masa madara ko manja, su ɗaure shi da igiya, ba za su taho ba sai jiki ya saki. In kuma sun zo, sai su ce ba su san abin da ya same shi ba, mu ɓata lokaci muna neman zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Babu allurar da ke karya NBOMe. Abin da muke yi shi ne mu kwantar da shi da dayazifam, maganin da ke sa natsuwa da tsayar da jijjiga, ko danginta, mu sauke zafin jikinsa, mu ƙara masa ruwa don mu ceci ƙoda, mu sa ido a kan zuciya, kuma duk wannan yana aiki ne in an zo da wuri.

Baba Audu: Likita, ɗana, na ji bayaninka kuma na karɓi na jabu, amma a kan sassauta doka ban yarda ba. Ina da wayona a 1985 lokacin da gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas saboda safarar hodar ibilis, kuma na ga yadda mutane suka shiga taitayinsu. Yaron da ya san ba abin da za a yi masa, me zai hana shi?

Barista Istifanus: Baba, wannan hukunci an yi shi ne a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 20 ta 1984, kuma har yau lauyoyi suna sukar sa saboda an yi amfani da dokar a kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta. Bayan shekara huɗu kacal da harbin sai da aka kafa hukumar NDLEA sukutum saboda safarar ba ta tsaya ba. Ra'ayinku yana da magoya baya, domin a watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safara, kuma aka yi ta jayayya a kai. Amma ko masu wannan ra'ayi dillali suke nufi. Abin da Likita ke magana a kai shi ne mai sha da ke kwance yana jijjiga, kuma a kan wannan doka ta riga ta ba shi wata kariya da mutane ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ya ƙi karɓar mai neman taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma sashe na 26 ya wajabta ɓoye sirrin mara lafiya, in ba da yardarsa ba, ko da umarnin kotu, ko inda wata doka ta tilasta, ko inda lafiyar jama'a ke cikin haɗari. Hukumar NDLEA da kanta, wadda makarantar horar da jami'anta take nan Jos, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma tun 2022 ta buɗe layin kira kyauta na dare da rana don masu neman taimako. Ina tare da Likita cewa ya kamata a gyara sashe na 19 a raba mai sha da mai sayarwa a rubuce, amma kafin a yi hakan, abin da aka gaya wa likita a ɗakin gaggawa ba rahoto ba ne ga 'yan sanda.

Maman Ummi: To Likita, in abin ya faru da dare kafin a samu mota, me uwa za ta yi da hannunta?

Dakta Nuhu: Maman Ummi, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a nesanta shi da wuƙa da wuta da bene da titi. A rage haske da hayaniya, mutum ɗaya da ya yarda da shi ya riƙa yi masa magana a hankali yana gaya masa inda yake. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi, kada a danne masa ƙirji ko wuya, domin kokawa tana ƙara zafin jiki da narkewar nama. Kada a ɗura masa komai a baki. In jikinsa ya yi zafi, a rage masa tufafi a riƙa shafa masa ruwa ana yi masa fifita, ko da lokacin sanyin Jos ne. In jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali. Zafin jiki, jijjiga, ciwon ƙirji, suma, ko fitsari mai duhu, kowanne ɗaya ya isa a tafi da shi nan take zuwa asibitin da ke da sashen gaggawa, kamar Asibitin Koyarwa da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Filato. A tafi da abokin da suke tare, domin shi ne zai iya faɗa mana ƙarfe nawa aka sha, guda nawa, da ko an haɗa da tiramol ko giya ko wiwi. Bayan an sallame shi kuma, a dawo da shi sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ko da ya ce ya warke, musamman in barci ya ƙaurace masa ko ya fara zargin mutanen gida.